Saiwa da Sassaƙe: Maganin Daji da Haƙƙin da ke Kansa

 

Batunmu na yau ya shafi waɗansu itatuwa da tsirrai waɗanda Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarsa, ya ajiye wa wani sirri da ke taɓa hankalin ɗan Adam, har ya zama wani yana wartsakar da mai gajiya, wani yana kwantar da mai firgita, wani kuwa yana gusar da hankalin ɗungum. Kuma tambayar da za mu bi ita ce, shin a ci gaba da ɗibarsu daga daji yadda aka gada, ko kuwa lokaci ya yi da mai bukata zai raini nasa a gonarsa. Wanda yake so ya ga girman al'amarin, to, ya tsaya ranar kasuwa a Caduwa ko Tsibiri gaban tabarmar 'yar mai ganye, ya ƙare wa hajarta kallo. Zai ga ƙulle-ƙullen ganyen sabara da na kalgo a gefe ɗaya, amma abin da ya cika tsakiyar tabarmar, wanda kuma ya fi tsada, sassaƙe ne da saiwa: jan sassaƙen maɗaci, da na marke, da na ƙirya, da gutsattsarin saiwar sanya an ɗaure su da kaba, ƙanshinsu mai yaji yana bugun hanci tun kafin a sunkuya. Ganye dai yana sake tohowa da damina. Saiwa da ɓawo kuwa, da su itace yake rayuwa, kuma kowane ƙulli da ke kan tabarmar nan akwai wata bishiya a wani wuri da aka bari da rauni, ko aka bari matacciya.

Kafin mu shiga dajin, ya kamata mu fara da abin da malamai suka faɗa, domin kada a ɗauka muna kiran a tattala abin da shari'a ta hana. Babban malamin nan na mazhabar Malikiyya, Shihabuddini Alƙarafi na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, watau 1285, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali kashi uku a littafinsa Alfuruƙ. Akwai muskiri, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, irin giya. Akwai mufsidi, wanda ke rikita hankali alhali ji da gani suna nan. Akwai kuma murƙidi, wanda ke ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Fa'idar wannan rarrabewa ita ce, hukuncin kowane kashi daban yake, har malamai suka yi rangwame ga likita ya kwantar da majinyaci idan larura ta kai ga yanke gaɓa, alhali babu malamin da ya halatta wa lafiyayye ya ɓata hankalinsa don shagala, tunda kiyaye hankali yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare.

Da wannan ma'auni za mu auna zaƙami, wanda kowane ɗayanmu ya san shi da farin furensa mai dogon wuya da 'ya'yansa masu ƙaya. Zaƙami ba ya bukatar kowa ya tsare shi daga ƙarewa, domin yana fitowa da kansa a juji da kangon gida da bayan shinge, ya zubar da ɗaruruwan ƙwayoyi, baɗi ya dawo. Abin da ke bukatar tsaro shi ne 'ya'yanmu. A cikin ganyensa da ƙwayarsa akwai sinadarai irin su atirofin da sikofolamin, waɗanda likitoci ke aunawa daidai gwargwado su yi aiki da su a asibiti, amma a jikin tsiron ba su da awo, ta yadda abin da wannan tushe ya ƙunsa ba shi ne na wancan ba, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai rikita mutum da abin da zai kashe shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Yaron da aka yaudara ya sha, ko aka zuba masa a kunu ko a shayi wajen biki, za ka ga bakinsa ya bushe, baƙin idonsa ya buɗe, jikinsa ya yi zafi ba gumi, zuciyarsa na bugawa da sauri, yana cafkar abin da babu shi a iska, bai san uwarsa ba. Wani ma fitsari ya riƙe masa. Duk wanda ya ga haka kada ya tsaya ɗura ko turare, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa, a kuma faɗa wa ma'aikatan abin da ake zaton ya sha, domin ɓoye musu don gudun abin kunya yana iya jawo asarar rai. Saboda haka idan kun ji na ce a raini magani a gona, to, zaƙami ba ya ciki, haka nan tabar wiwi wadda dokar ƙasa ta haramta nomanta; uwar gida da ta ga zaƙami a inda yara ke wasa, ta tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba.

A ɗaya gefen kuma ga goro, wanda shi ma yana taɓa jiki, ya kore barci, ya danne yunwa, amma malamai ba su ƙyamace shi ba, har ya zama da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna. Kakanninmu fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, watanni suke yi a hanya da ayarin jakuna zuwa Gwanja, su saro shi a kasuwar Salaga daga kurmin Asante. Da hanyar teku da ta jirgin ƙasa suka buɗe, bukata ta ninka, sai manoman ƙasar Yarabawa, a wajajen Agege da Shagamu, suka dasa shi gona-gona, aka wadata, kuma har gobe ba a jin tsoron goro zai ƙare a duniya. Wannan hujja ce babba ga masu cewa noma shi ne mafita. Sai dai a lura, 'ya'yan goro ake ɗiba, uwar tana tsaye tana sake haihuwa kowace shekara, kuma nan ne ya sha bamban da itatuwan da nake so mu daɗe a kansu.

Ku ɗauki sanya, wadda wasu ke kira uwar magunguna, 'yar bishiyar nan mai fure ja-ja mai ƙanshi. Masu maganin gargajiya suna neman saiwarta don ciwon kai mai tsanani, da farfaɗiya, da abin da ake dangantawa da iskoki, kuma su da kansu sun san tana da dafi idan aka zarce, shi ya sa ba sa sakinta ga wanda bai sani ba. Wanda ya je haƙarta don ya cika buhu ya kai kasuwa, yakan tone gindin kewaye, ya datse kowace saiwa har da uwar saiwar da ta nutsa ƙasa, ya tafi ya bar rami a buɗe, bishiyar ta karkace, ganyenta ya yanƙwane kafin mako ya zagayo. Ga shi kuma ƙwayarta ba ta da saurin tsirowa, dashenta ma yana da wuya, domin doguwar saiwar ɗan tsiron takan karye wajen cirewa. Maɗaci kuwa ta ɓawo ake kashe shi. Abincin da ganye ke sarrafawa da hasken rana yana gangarowa ne zuwa saiwa ta wani siririn lulluɓi mai danshi da ke manne a cikin ɓawon. Idan aka sassaƙe gefe ɗaya, abincin ya bi ta sauran gefen, raunin ya yi ta haɗewa sannu a hankali, amma idan wannan ya sassaƙa, wancan ya ƙara, har raunukan suka haɗu suka zagaye gangar jikin, to, an yanke wa saiwa abinci ke nan, bishiyar za ta yi kamar tana raye shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ta bushe a tsaye. Ku dubi tsofaffin maɗatan da aka jera a bakin hanyoyin garuruwanmu tun zamanin Nasara, za ku ga daga ƙasa har iyakar inda gatari ke kaiwa duk tabo ne. Wanda ya yi haka ya yi daidai da mai yanka saniyar tatsa don romon yini ɗaya. Maɗaci ya ragu a Afirka har taron ƙasashen duniya kan cinikin halittu masu fuskantar ƙarewa, wanda aka yi a Fanama a shekarar 2022, ya sa shi cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu ƙetare sai da izini.

Ba mu kaɗai wannan jarrabawa ta sama ba. A kudancin jihar Tekzas ta Amurka da arewacin Meziko akwai wani ɗan tsiro da ake kira feyote, wanda ke lafe a ƙasa, faɗinsa bai wuce tafin hannun yaro ba, kuma 'yan asalin ƙasar suna amfani da shi a ibadarsu ta gargajiya, har majalisar Amurka ta tabbatar musu da wannan dama a dokar 1994. Yakan yi shekara goma ko fiye kafin ya isa yanka a daji. Idan aka yanke kansa daidai da ƙasa aka bar saiwar, sai ya sake fitar da kawuna. Idan aka tone shi da saiwa, ya tafi ke nan. Da gonaki da makiyayar shanu suka cinye mazauninsa, baƙi masu neman maye kuma suka shigo, sai ya yi ƙaranci, aka shiga muhawara tsakanin masu cewa a raine shi a lambu da dattawan da ke ganin wanda ya tsiro a ƙasarsa ta asali shi ne mai alfarma. A ƙasar Gabon ma haka aka yi da wani ɗan itace mai suna iboga, wanda ɓawon saiwarsa ake amfani da shi a al'adar Bwiti: masu saye daga Turai da Amurka suka sa aka yi ta tone shi a kurmi, har gwamnati, wadda ta ayyana shi cikin dukiyar al'adun ƙasa a shekarar 2000, ta dakatar da fitar da shi a 2019. Ban kawo waɗannan don mu yi sha'awar abin da suke sha ba, Allah ya kiyaye. Na kawo su ne don mu ga cewa duk inda saiwa ta zama haja, kuma mai saye yana nesa bai san gindin da aka tone ba, ƙarshen abin ɗaya ne.

To, mu a nan ƙasar, ina dajin ma yake? Lokacin da Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya biyo ta Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851, tsakanin Gazawa da Katsina ƙungurmin daji ne da ayari ke ratsawa cikin fargaba. Yau gona ce ke bin gona, in ban da gandayen hukuma irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado a ƙasar Agye, da Babban Rafi a kudu maso yammacin Maraɗi, da abin da ya rage na goriba a Gulbin Kaba. Noman gyaɗa ya ci nasa, yawan jama'a ya ci nasa, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa, kuma dokar gandun daji ta wancan zamani, wadda ta mai da itace mallakar hukuma ko da a gonar mutum ya tsiro, ta sa manomi yana sassabe kowane toho don kada ya girma ya jawo masa tara. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashe, akasarin dashen kuwa bai rayu ba. A shekarar 1983 ne wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ke ko'ina cikin gonaki toho ne daga kututturan manyan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sassabin zamani ya bazu. Kun san yadda ake yinsa fiye da ni: manomi ya zo gindin kalgo ko sabara, ya zaɓi tsirrai uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran, ya share rassan ƙasa da kaifin adda yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, wani ma ya ɗaura ɗan tsumma don a san mai shi yana kula. Ƙauyen Ɗan Saga na nan ƙasar Agye ya yi suna a duniya saboda mutanensa sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki, suka yanka tara ga mai saran dare. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 ta farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200; kuma a ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina.

Ashe ke nan amsar tambayarmu tana cikin gonakinmu tun tuni, domin itacen da aka raina ta wannan hanya na daji ne a asalinsa da saiwarsa, kuma na gida ne a kulawa da mallaka. Amma akwai giɓi, kuma saboda shi na zaɓi wannan batu. Sassabin zamani ba ya tayar da abin da saiwarsa ta mutu, kuma itatuwan magani ta saiwa da ɓawo aka kashe su. Bayan haka manomi yana zaɓen abin da zai amfane shi a bana, gawo don taki da abincin dabba, kalgo da sabara don makamashi, aduwa da magarya don 'ya'ya, shi ya sa gonakinmu suka yi kore da 'yan nau'o'i kaɗan, alhali dattawa suna lissafa itatuwan da suka sani a ƙuruciyarsu waɗanda yau sai an yi tafiya mai nisa, ko a sayo sassaƙensu daga kudu.

Iyayenmu masu magani sukan ce itacen da aka shuka a gida ba shi da ƙarfin na daji, kuma bai kamata a yi watsi da maganarsu ba, domin gaskiya ne cewa abin da tsiro ya ƙunsa yana sauyawa da shekarunsa da irin ƙasar da ya sha da wahalar da ya jure, kuma ɗan dashen da ake shayarwa safe da yamma ba zai yi ɗacin tsohon maɗaci ba. To, amma tohon da ya fito daga tsohuwar saiwa a tudun gona, yana shan rana da iska kamar kowane itacen dawa, wannan uzuri bai hau kansa ba. Ina kuma tunatar da su ladubban da suka karɓa daga nasu malaman, waɗanda 'yan buhu suka watsar. Ana cewa a sassaƙo gabas da yamma. Ko me aka nufa da wannan a da, sakamakonsa shi ne kudu da arewa sun tsira, abinci yana wucewa. A yi sassaƙen a tsaye, siriri, kada gatari ya shiga farin itacen, a shafe raunin da laka, kada a koma wa bishiyar sai ta warke. In saiwa ce, a tone gefe ɗaya, a ɗauki ta gefe, a bar uwar, a mai da ƙasa a danne. Inda ganye zai yi aikin ɓawo, a wadatu da ganye. Wanda kuma ya ɗebi abin da zai ishi majinyacin da ke gabansa ya yi magani, wanda ya cika amalanke kuwa ya shiga israfi, kuma Allah ba ya son masu israfi.

Shari'a ma ta san keɓe wuri don maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyadina Umar kuma ya keɓe Rabaza don dabbobin sadaka. Da aka haramta cire tsirran Haramin Makka, Abbas ya nemi a toge ciyawar izhir saboda bukatar mutane gare ta a gidajensu da kaburburansu, aka kuwa toge ta. Hani da rangwame suka tafi tare, kowanne da iyakarsa. Abin da nake roƙon masu garuruwa da kwamitocin sassabi, Allah ya ja zamaninku, shi ne ku kira boka da wanzami da ungozoma da 'yar mai ganye ku zauna da su, tunda su ne suka san inda sauran gindin sanya da ƙirya da taura suke, a san gonar wa kowanne yake, a daidaita yadda mai magani zai nemi izini da rana tsaka ya ba mai gona ɗan hasafi, maimakon ya shiga da dare ya tone a gaggauce, domin gaggawar ɓarawo ce ke hana mai da ƙasa a rami. Ƙwayar maɗaci ba ta daɗewa da rai bayan kwanson ya fashe, saboda haka a tsince ta da zarar ta zubo, a shuka a leda ba tare da jinkiri ba, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji, ta yadda dashen zai isa fita ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace. Sanya kuwa, tunda ba ta son a ɗaga ta, a binne ƙwayarta a inda ake so ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki, wanda kuma ya tarar da ɗan tsironta a gonarsa lokacin sassabe ya ɗauke adda ya wuce.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.